Likita ta ce za a cire min ƙarin mahaifa da na'urar robot, dan Allah akwai wadda aka taɓa yi wa?

Mai Neman Sauƙi:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsayin rubutun, tun jiya kaina ya ɗau zafi ko barcin kirki ban yi ba. Shekarata 36, yaro ɗaya gare ni yanzu yana shekara 7, tun daga kansa shiru. Kusan shekara uku kenan al'adata ta rikice, sai in yi kwana tara ko goma ina zubar da jini har da gudaji, dare ɗaya sai in tashi canza audugar mata sau huɗu, in na miƙe tsaye jiri, ga yawan fitsari kamar mai ciki saboda abin yana danne min mafitsara. An yi sikanin, daga baya aka ce in yi MRI, wani hoton cikin jiki da ya fi sikanin nuna komai dalla dalla, ya nuna ƙari guda huɗu a mahaifa, wato faibroid, babban ya kai santimita 8 yana cikin naman bangon mahaifar ta baya, sauran ukun ƙanana ne. Na sha magani har na gaji, da ya lafa sai ya dawo.

To jiya likitar mata da ke dubani ta ce lokacin aiki ya yi, za a cire ƙarin a bar min mahaifata tunda ina son ƙara haihuwa. Ta ce hanya biyu ce, ko a yanka ƙasan mara irin yankan masu CS, ko a yi huda huɗu ko biyar ƙanana a yi aikin da robot. Wallahi da na ji kalmar robot gabana ya faɗi, duk tambayoyin da na taho da su suka gudu, toh toh kawai nake cewa har na fito. Da na gaya wa Mama ta ce ita sam ba za a bar ƙarfe ya yanka mata 'ya ba, maigida kuma ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana, sai aka bar ni ni kaɗai da tunani.

Abin da nake son sani, shi robot ɗin ne ke yanka da kansa ko yaya? In ya lalace ana tsakiyar aiki fa, ko wuta ta ɗauke? Kuma ta yaya ƙari mai santimita 8 zai fito ta 'yar huda? Sannan babban abin da ya fi damuna, zan iya ɗaukar ciki bayan an yi? Dan Allah wadda ta sani ta taimaka min.

Maman Khairat:

Wa alaikumus salam yar uwa, ki kwantar da hankalinki, ni an yi min irinsa shekara biyu da rabi da suka wuce, nawa guda uku ne aka cire. Irin tsoron da kike ji na ji shi, har wasiyya sai da na rubuta a waya.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona. Da aka tura ni ɗakin tiyatar na ga abin a gefe an lulluɓe hannuwansa da leda, shiru yake ba ya motsi, can a kusurwa kuma ga wani wurin zama mai kamar majigi da ake cusa kai ciki, likitan ya nuna min ya ce nan zan zauna ina ganinki. Daga nan aka sa min maganin barci ban ƙara sanin komai ba. Da na farka filasta biyar na gani a cikina, ɗaya saman cibiya huɗu a gefe da gefe, na cibiyar ya fi girma don ta nan aka fitar da ƙarin.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ciwon kafaɗa. Cikin bai dame ni kamar kafaɗar dama ba, na ɗauka ma zuciyata ce ta samu matsala har na fara kuka, nas ta ce iskar da aka hura min a ciki ce, zai wuce, kuma kwana biyu ya wuce. Fuskata ta ɗan kumbura ranar farko, maƙogwarona na kaikayi saboda bututun numfashi. Da yamma aka cire robar fitsari aka ce in tashi in taka, na taka har ƙofa ina riƙe da bango, washegari aka sallame ni. Sati biyu na koma harkokina a hankali, amma kar ki yarda ƙananan hudojin su ruɗe ki, a ciki babban aiki aka yi, an tsaga mahaifa an ɗinke. Ni a kwana na goma na ɗaga bokitin ruwa don ina jin garau, ranar sai da na kwana ina juyi.

Maganar ciki, an ce min in jira wata shida kafin mu nema, na jira. Yanzu haka 'yata wata bakwai take, CS aka yi min kafin naƙuda ta fara saboda yankan ya shiga mahaifar sosai, ana tsoron ɗinkin ya buɗe in naƙuda ta yi ƙarfi. Allah ya ba ki lafiya, ya ba ki naki rabon.

Sista ta Tiyata:

Sannu ƙanwata, Allah ya kawo sauƙi. Ni malamar jinya ce, a ɗakin tiyata nake aiki, kuma ina cikin masu tsayawa a gefen mara lafiya lokacin irin wannan aikin, don haka bari in ɗauki tambayoyinki da ɗaɗɗaya gwargwadon abin da nake gani kullum.

Ki gaya wa Mama ƙarfe ba ya yanka kowa da kansa. Sunan robot ɗin ne ke tsorata mutane, amma na'urar ba ta da tunani, ba ta yanke shawara, ko motsin milimita ɗaya ba ta yi sai likita ya motsa yatsunsa. Likitan yana zaune a cikin ɗakin nan, taku kaɗan tsakaninsa da gadonki, ya cusa goshinsa cikin madubin kallo, yatsunsa a cikin wasu maƙallai guda biyu, ƙafafunsa a kan abin takawa kamar na keken ɗinki. In ya ɗago kansa daga madubin hannuwan na'urar tsayawa suke cak, an yi haka ne da gangan don kar wani abu ya motsa a cikinki alhali ba a kallo. A gefenki kuma akwai wani likita mai taimakawa da nas, mu muke canza kayan aikin, mu miƙa zare, mu tsotse jini. Gaskiya ne an taɓa yin aiki daga nesa, a 2001 wani likita ɗan Faransa Jacques Marescaux yana New York ya cire wa wata mata matsarmama tana Strasbourg, amma wancan da wata na'ura ce daban kuma don a nuna zai yiwu ne, ba haka ake yi wa mutane yau da kullum ba.

Wadda aka fi amfani da ita sunanta da Vinci, kamfanin Intuitive Surgical na jihar Kalifoniya ke ƙera ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2000, sannan a 2005 ta amince a yi aikin mata da ita, kin ga ba jiya aka fara ba. Yanzu akwai wasu irin su Versius na Ingila da Hugo na kamfanin Medtronic. Asalin aikin huda kuwa ya girme ta nesa, likitocin mata ne ma suka raine shi, irin su Kurt Semm na Jamus, kuma tun ƙarshen shekarun 1980 Harry Reich ya cire mahaifa ta hanyar lafaroskofi a Amurka, wato aikin huda da likita ke riƙe dogayen kayan aikin da hannunsa yana kallon allo. Robot ɗin lafaroskofi ne aka ƙara masa kayan aiki, shi ke nan.

Yadda ake yi, bayan kin yi barci ana hura iskar kabon dayoksaid a ciki ya tashi kamar tanti don a samu fili, ita ce ke taɓa tantanin da ke raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma tana da alaƙa da kafaɗa, shi ya sa Maman Khairat ta ji ciwo a can. Sai a karkata gadon kanki ya yi ƙasa ƙafafu sama don hanji ya gangara ya ba da wuri, kumburin fuskar daga nan yake. Saboda wannan kwanciyar, in kina da hawan jinin ido wato gilakoma, ko ciwon zuciya ko na huhu, lallai ki gaya wa likitan da zai sa ki barci tun kafin ranar. Hudojin yawanci milimita 8 ne, ta ɗaya kyamara ke shiga, ta sauran almakashi da hantsaki da abin ƙona jijiyar jini.

Inda na'urar ta yi fice shi ne gani da ɗinki. Likita yana ganin cikin da zurfinsa kamar ya leƙa da idonsa biyu, an ƙara girman hoton har kusan sau goma, jijiyar da ba ta kai zare kauri ba yana ganinta. Kan kayan aikin yana lanƙwasa yana juyawa kamar wuyan hannu, saɓanin na lafaroskofi da yake miƙaƙƙen sanda, kuma tana tace rawar hannu. A irin aikinki wannan ba ƙaramin abu ba ne, don cire ƙarin ba shi ne wahalar ba, wahalar ita ce ramin da ya bari, dole a ɗinke shi hawa biyu ko uku ya kamu sosai yadda gobe zai iya riƙe ciki, kuma naki yana ta baya inda miƙaƙƙen sanda ke shan wuya. Na sha tsayawa ina kallon allon ana ɗinke bangon mahaifa, allura na shiga tana fita a jere gwanin kyau.

Amma akwai abin da aka rasa, kuma ba na ɓoye wa kowa shi. Hannu a cikin buɗaɗɗen ciki yana laluba mahaifa ya ji ɗan ƙarin da ya ɓuya kamar ƙwayar wake, na'urar ba ta ba likita wannan jin, da ido yake aiki. Sabuwar da aka fitar a 2024, da Vinci 5, an sa mata abin da ke sa likita ya ji ƙarfin jan da yake yi, amma ko ita ba ta kai yatsa ba, kuma ba ko'ina take ba. Shi ya sa aka sa ki yin MRI, taswira ce, kuma shi ya sa in ƙarin ya yi yawa kamar goma sha ko ashirin, ko mahaifar ta haura cibiya, likitoci da yawa sun fi son buɗewa. Aikin kuma yakan ɗauki lokaci fiye da na yanka.

In ta lalace fa, ko wuta ta ɗauke? Tana da batirin da zai riƙe ta har a janye ta lafiya, akwai ɗan mabuɗin da muke sakin bakin kayan aikin da shi in ya riƙe nama, kuma muna yin atisayen cire hannuwan cikin gaggawa. Kayan yanka na nan a shirye a ɗakin kowane lokaci, likita ya tashi ya wanke hannu ya ƙarasa da lafaroskofi ko ya buɗe. Lalacewar na'ura ba kasafai take faruwa ba, abin da ya fi sa a buɗe ciki shi ne zubar jini ko mannewar hanji.

Fitar da ƙarin, yayyanka shi ake yi. A nan ina so ki buɗe kunne. Da can ana amfani da wani inji mai niƙa shi a cikin ciki, sai a 2014 FDA ta yi gargaɗi, ta ce a ƙiyasinta kusan mace 1 cikin 350 da ake yi wa aikin faibroid akwai wata sankara ɓoye a ciki da ba a gano ba, in aka niƙa a fili sai ta watsu. Wasu masana sun ce adadin bai kai haka ba musamman ga masu ƙarancin shekaru irinki, amma dai tun daga nan aka koma saka ƙarin a cikin wata jaka ta musamman, a jawo bakin jakar ta cibiya, a ɗan faɗaɗa hudar zuwa santimita 2 ko 3, a yayyanka shi a cikin jakar a fito da shi sala sala. Ki tambayi likitarki kai tsaye ko a jaka za ta yi. Duk abin da aka cire kuma dole a kai shi ɗakin gwaji, ki nemi sakamakon ki gani.

Baban Ilham:

Salam. Ku yi haƙuri na shigo maganar mata, matata ce ta nuna min ta ce in rubuta namu don ita har yanzu ba ta son tuna ranar.

Baiwar Allah ba zan ce kar ki yi ba, amma ki ji ɗayan ɓangaren. Matata cire mahaifa aka yi mata gaba ɗaya, mun gama haihuwa, jini ya ƙi tsayawa. An ce mana robot, huda kaɗan, kwana ɗaya ku tafi gida. Muka sa rai da haka, ko wanda zai zauna da yara na kwana biyu kawai muka shirya. Aka shiga da ita, aikin da aka ce awa biyu zuwa uku ya kai awa biyar ina zaune a kan benci ba wanda ya leƙo ya ce min uffan, daga baya likitan ya fito ya ce CS biyu da aka yi mata a baya sun sa mafitsara da hanji sun manne da mahaifar, ya gwada ya ga in ya ci gaba zai iya huda mafitsarar, sai ya buɗe. Kwana biyar muka yi, ta tashi da hudoji da kuma dogon yanka, sati shida kafin ta dawo daidai.

Yau na san abin da ya yi shi ne daidai, ya ceci mafitsararta, ina masa addu'a. Abin da ya ƙona min rai shi ne ba a zaunar da mu an ce wannan zai iya faruwa ba, yana cikin takardar da muka sa wa hannu amma da safiyar aikin aka miƙo ta, wa ke karatu a lokacin. Ke da kike da lokaci ki karɓi takardar tun yanzu ki karanta a gida.

Bayan nan na zauna na yi ta karance karance don in fahimci abin da ya same mu. A 2013 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da Jason Wright na jami'ar Columbia ya jagoranta, sun duba mata sama da 260,000 da aka cire wa mahaifa ba don sankara ba a Amurka daga 2007 zuwa 2010. A cikin waɗannan shekarun masu yin robot sun tashi daga rabin kashi 1 cikin 100 zuwa kashi 9 da rabi, amma matsalolin da ke biyo bayan aiki kusan ɗaya ne da na lafaroskofi zalla, sai dai robot ya fi tsada. A shekarar ne ma shugaban ƙungiyar likitocin mata ta Amurka na lokacin, James Breeden, ya fito ya ce robot ba shi kaɗai ne hanyar aikin huda ba kuma ba lallai shi ne mafi kyau ba wajen cire mahaifa. Ita ƙungiyar ma abin da ta fi so in zai yiwu shi ne a cire mahaifa ta gaba, ba tare da an taɓa fatar ciki ba kwata kwata. Ni abin da na fahimta, babbar ribar tana tsakanin huda da yanka ne, tsakanin robot da lafaroskofi kuwa hannun likitan ne ke raba gardama. Ki tambayi likitarki sau nawa ta yi irin aikinki da na'urar, ba aiki kawai ba, cire faibroid a bar mahaifa. Ba rashin kunya ba ne, cikinki ne.

Anti Hajara:

Sannu 'yata, Allah ya yaye. Naki ba sankara ba ne Alhamdulillah, amma tunda mutane da yawa za su karanta bari in ajiye wannan. Ƙanwata an gano mata sankarar bakin mahaifa tun tana farko farko, muka dage a yi mata da huda don mun ji an fi saurin warkewa, likitan ya ƙi, har muka yi fushi da shi muna cewa ko bai iya ba ne. Ashe akwai babban bincike da aka fitar a 2018, ana kiransa LACC, Pedro Ramirez na cibiyar MD Anderson ya jagoranta, mata 631. Bayan shekara huɗu da rabi, waɗanda aka buɗe wa ciki kashi 96 da rabi cikin 100 cutar ba ta dawo musu ba, waɗanda aka yi wa da huda kashi 86 ne. Yawancin na hudar lafaroskofi ne, na robot ba su da yawa a ciki, amma ya isa ya sa aka koma buɗewa a irin wannan cutar. An buɗe mata, yau shekararta biyar lafiya lau.

Sankarar cikin mahaifa kuma, wadda ta fi kama mata bayan sun daina al'ada, ita akasin haka ne, huda aka fi so in tana farko, kuma an ce robot na taimakawa sosai ga mai ƙiba. Don haka kar wata ta ji labarin wata ta ɗora wa kanta, kowace cuta da hanyarta.

Yar Auta:

Dan Allah Sista ni endometiriyosis aka ce ina da shi, wato nama irin na cikin mahaifa yana tsirowa a wajenta, duk wata sai na suma don ciwon mara, shi ma robot ya fi?

Sista ta Tiyata:

Yar Auta sannu, ba ke kaɗai ba ce, hukumar lafiya ta duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi. An gwada robot da lafaroskofi a kansa a wani bincike da ya fito a 2017 ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a sakamakon. Inda nake ganin likitoci na jawo na'urar shi ne in cutar ta yi zurfi ta kama hanji ko bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, wurin matsattse ne ana buƙatar gani sosai. Ke dai ki nemi wanda ya ƙware a cutar kanta, da wane kayan aiki zai yi wannan na biyu ne. Kuma aiki ba shi ne matakin farko ga kowa ba, akwai magunguna, ki buɗe naki zaren ki faɗi abin da aka gwada miki mu tattauna.

Baban Ilham ka faɗi gaskiya, kuma na ji zafin zaman da ka yi a kan bencin nan, ya kamata a ce wani daga cikinmu ya leƙo ya yi maka bayani. Mai Neman Sauƙi ki ƙara da wannan, ki gaya wa likitarki ko CS aka yi miki a haihuwar farko ko wani aikin ciki, ki tambaya nawa jininki yake yanzu don ba a son shiga aikin faibroid da ƙarancin jini, aiki ne mai zubar da jini ko ta wace hanya. Sannan ki sani ko da an cire duka huɗun wani na iya sake tsirowa bayan shekaru, musamman da yake da sauranki kafin al'ada ta ɗauke, saboda haka in an ba ki izinin neman ciki kar ki yi ta jinkiri. Kuma akwai wata tambaya mai nauyi da ya kamata ki yi tun yanzu ke da maigida, in jini ya ƙi tsayawa ana tsakiyar aiki har ta kai a cire mahaifar don ceton rai, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma yana cikin takardar, gara ki ji shi daga bakinta kina zaune a kujera.

Mai Neman Sauƙi:

Jama'a na gode, Allah ya saka muku da alheri, wallahi kun sauke min nauyi. Yau na koma, na rubuta tambayoyin a takarda don kar su sake guduwa, kuma na tafi da Mama. Likitar ba ta ji haushi ba ko kaɗan, ta juyo da allon kwamfutarta ta nuna mana hoton MRI ɗin, ta nuna babban da yatsa ta ce saboda shi ne ta kawo maganar robot, yana da zurfi kuma ta baya yake, ɗinkin take ji. Ta ce ta daɗe tana irin wannan aikin da na'urar, a jaka take fitarwa, kuma tunda da kaina na haifi yarona ba a taɓa buɗe min ciki ba tana sa ran ba za a samu mannewa ba, amma ta faɗa min ƙarara in ta ga jini ya yi yawa za ta buɗe ba za ta tsaya jayayya da shi ba. Maganar cire mahaifa ma na yi mata, muryata na rawa, ta ce shi ne abu na ƙarshe kuma sai in raina ne a kai.

Mama ta yi shiru tana kallo har aka nuna mata bidiyon likita zaune yana motsa yatsu, can kuma kan almakashin yana bin motsin, sai ta ce ashe dai hannun mutum ne. A hanya ta ce min ita da ta ɗauka za a kulle ni a ɗaki ni da inji.

Sai dai ba yanzu za a yi ba, jinina 8.6 ne, ta ce sai ya haura 11, za a sa min sinadarin ƙarfe ta jijiya kuma za a yi min allurar da ke tsayar da al'ada na wata uku don jinin ya taru, ta ce allurar na iya sa ni jin zafin jiki da gumin dare kamar mai daina al'ada amma zai wuce in an daina. Takardar sa hannun ma na karɓo, tana jakata, yau da dare ni da maigida za mu karanta. Maman Khairat dan Allah ke an yi miki wannan allurar kafin aikin? In an yi miki yaya kika ji da ita, don jibi za a yi min ta farko.